Ranar Da Ɗan Birni Ya Hau Gora A Kogin Gwaram

Mai karatu, bari in fara da tona wa kaina asiri: har na haura shekara talatin a duniya ban iya ruwa ba. A cikin birnin Kano aka haife ni, kuma akwai ƙaton kududdufi a bayan layinmu, amma tun ranar da aka tsamo gawar wani yaron maƙwabtanmu daga cikinsa mahaifiyata ta kafa mini doka. Ko ƙafata ta gani da laka, ranar sai na sha bulala. Saboda haka duk wani iyo da na taɓa yi a rayuwata, a gaban talabijin na yi shi.

Waɗanda suka yi zamanin gidajen kallo na kaset za su tuna wani fim ɗin Amurka mai suna Point Break, wanda ya fito a 1991, inda Keanu Reeves ya fito a jami'in tsaro, shi kuma Patrick Swayze ya fito a shugaban 'yan fashin banki. Abokaina harbe-harben suke jira, ni kuwa abin da ya tafi da hankalina shi ne yadda mutum zai miƙe tsaye a kan allo, igiyar ruwa mai tsayin gida ta ɗauko shi tana gudu da shi, shi kuma yana ta karkata kamar wanda ke kan doki. Tun daga ranar na sa wa raina sai na hau igiyar ruwa kafin in mutu.

Daga baya na gano ashe abin bai yi mana nisan da nake zato ba. Akwai wani tsohon fim, The Endless Summer na 1966, wanda Bruce Brown ya shirya, inda wasu samari biyu suka zagaya duniya da allunansu suna neman igiyar ruwa, kuma Senegal da Ghana da Nijeriya na cikin ƙasashen da suka yada zango. A Legas ma akwai samarin da ke wannan wasa a gaɓar Tarkwa Bay. An kuma shigar da shi gasar Olamfik a karon farko a wasannin Tokyo da aka yi a 2021.

To, da na sami hutun mako guda a ƙarshen watan Oktoba, sai na buga lissafin kuɗin mota zuwa Legas da masauki da na mai koyarwa, na ga aljihuna ya ce sam. Ina cikin ƙorafi sai wani abokina mai ɗaukar hoto a lokeshin, ɗan asalin Gwaram, ya fashe da dariya.

"Kai dai ka cika son abin nesa," in ji shi. "Taho mu je garinmu. Mu ma muna hawa ruwa, sai dai namu allon a gona ake shuka shi."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske yake.

ZANGON FARKO: BIRNIN KUDU

Da sassafe muka bar Kano, muka haye gadar Wudil, muka bi ta Kachako da Kwanar Huguma, inda hanyar Dutse ta rabu. Tafiyar ta haura kilomita 100. Kaka ce, ko'ina ka duba dammunan gero ne da tarin riɗi an jingina ana jiran ya bushe. Tun kafin ka shiga Birnin Kudu duwatsu za su fara yi maka maraba, manya-manya, wani a kan wani, kai ka ce da hannu aka ɗora su.

Yawancinmu abin da muka sani game da garin bai wuce kwalejin gwamnatin nan da ta yaye manyan mutane ba, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, sai kuma cewa nan ne garin Alhaji Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko bayan an cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991. Amma abin da ya kai sunan garin cikin littattafan duniya yana cikin kogunan duwatsunsa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka zauna a wurin tun zamanin da ba wanda ya rubuta labarinsa suka yi a jikin dutse. In ka ƙura ido za ka ga wasu shanun masu dogayen ƙahoni ne amma ba su da tozo, ba irin waɗanda Fulaninmu ke kiwo yau ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da wurin.

Akwai kuma duwatsu masu amo. Ka ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa, sai ka ji ƙara kamar ta ƙarfe, wannan gefen da tasa murya, wancan da tasa. A nan Birnin Kudu ne, a 1955, aka fara rubuta labarin irin waɗannan duwatsu, kuma Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ya sanar da masana duniya. Abokina ya yi ta ƙwanƙwasawa yana cewa da masu kiɗan fim ɗinmu sun san da wannan, da fiyano ta sami kishiya.

Muna saukowa sai muka iske wasu yara suna zamiya a wani gangaren dutse da ya yi sumul don tsabar gogewa. Yaro zai zauna a kan faffaɗan dutse ko fasasshiyar jarka, ya saki jiki, sai ka gan shi a ƙasa. Wasa ne mai tsohon tarihi, don shi kansa Fagg ya yi rubutu a kan duwatsun zamiya a 1957. Abokina ya ce in gwada, wai somin-taɓi. Wani yaro da bai fi shekara tara ba ya miƙo mini jarkarsa.

"Yaya, kar ka taka birki da ƙafa. In ka ji tsoro a tsakiya za ka wuntsila."

Na ji tsoro a tsakiya, na taka birki da ƙafa, na kuma wuntsila. Wandona ya yage, yara suka yi ta shewa. Da gurjajjen gwiwar hannu na shiga motar Gwaram.

BABA MAI FITO

Gwaram na can kudancin Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Dutse kamar Birnin Kudu, tana iyaka da Jihar Bauchi. Kogin da ya ratsa ƙasarta daga tsaunukan Filato ya taso. Ta sama ana kiransa Bunga, in ya gangara ya zama kogin Jama'are, can gaba kuma ya haɗu da kogin Haɗeja su nufi Tafkin Chadi. Kogi ne mai fuska biyu. Da rani yawancinsa rairayi ne, har yara na buga ƙwallo a ciki. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ya raba ƙauye da kasuwa, ya raba manomi da gonarsa. Lokacin da muka je ruwan ya ja baya, amma da sauran ƙarfinsa.

Washegari bayan mun karya da koko da ƙosai, abokina ya kai ni wani ƙauye a bakin kogin wurin wani dattijo, aminin mahaifinsa, wanda ya gaji su da fito kaka da kakanni. Muka durƙusa muka gaishe shi. Abokina ya yi bayani, har da labarin allo da teku. Baba ya saurara bai katse shi ba, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗana, ka iya ruwa?"

"A'a, Baba."

"Madalla. Wanda ya ce bai iya ba, shi nake iya koya wa. Wanda ya ce ya ɗan iya, shi muke nema da jirgi."

Ya aika aka ɗauko goran. Jama'a, ban taɓa ganin irinsa ido da ido ba sai a hotunan bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada kowa da goransa da homarsa. Ƙaton duma ne da aka bari ya ƙosa ya bushe, aka fafe masa baki a sama, aka kwashe cikinsa. Da ƙyar hannuwana biyu suka zagaye shi, amma ba shi da nauyi ko kaɗan. Masunci yana kifa cikinsa a kan bakin, ya toshe shi, iskar da ke ciki ta ɗauke shi a kan ruwa. In ya kama kifi sai ya ɗan ɗaga ya jefa a ciki. Ga jirgi, ga kuma ma'aji.

Na zaci nan take za mu faɗa ruwa. Ina! Baba ya zaunar da ni a kan gaɓa kusan rabin sa'a muna kallon kogi kawai. Ya nuna mini inda ruwa ke ƙyalƙyali yana 'yan ƙananan tsalle, ya ce wurin ba zurfi, rairayi ne a kusa. Ya nuna wani wuri da ya kwanta luf, ya yi duhu, wanda ni a ganina ya fi ko'ina lafiya, ya ce nan gurbi ne, ya shanye tsayin mutum biyu. Ya jefa kara ya ce in bi shi da ido. Karan ya tafi salin-alin, da ya kai wata kwana sai ya fara juyawa kamar ana dama fura.

"Ka ga can? Ko ni ba na zuwa can da wasa."

Daga nan sai darasi na biyu, shi ma a tudu. Aka ajiye goran a kan rairayi, aka ce in kife a kai. Cibiya daidai bakin gora, ƙirji a ɗage, ƙafafu a buɗe a baya, hannuwa suna jan rairayi ɗaya bayan ɗaya. Ka yi tunanin ƙato da gemu ya kife a kan duma yana iyo a busasshiyar ƙasa, mata masu wanki suna leƙe suna rufe baki da mayafi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne na san masu koyon hawan igiyar ruwa a ƙasashen waje su ma a kan rairayi ake fara kifar da su kafin su taɓa teku.

Dokokin Baba uku ne. Kada ka ƙanƙame gora, ka bar nauyinka ya riƙe shi. Kada ka kalli ruwan da ke ƙarƙashinka, ka kalli inda za ka. In kuwa ka faɗo, kada ka saki gora, kuma kada ka bar bakinsa ya nutse, don in ya sha ruwa ya tashi daga aiki.

CIKIN RUWA

Baba ya ɗaura igiya a wuyan goran ya riƙe ɗaya bakin. Babban ɗansa ya ja kwale-kwale ya tsaya can ƙasa da mu, ya tare hanya. Muka yi bisimilla muka shiga inda ruwa ya kawo mini ƙugu.

Hawan farko ban yi daƙiƙa uku ba. Ina ɗora ciki goran ya sulale ta gefe, ƙafafuna suka yi sama, na kurɓi ruwan kogi mai ɗanɗanon laka. Na biyu haka. Na uku na ƙanƙame shi da hannu biyu kamar wanda ya ga mahaifiyarsa, muka juya tare. Abokina yana kan gaɓa yana ɗauka da waya, dariya har tana kayar da shi. Wasu yara tsirara suka zagaye ni suna nutso suna ɓullowa kamar agwagi, ɗaya ma har da ba ni shawara.

A wajen hawa na bakwai ne wani abu ya sauya. Na gaji, na daina kokawa, na saki jiki kawai. Sai na ji goran ya zauna daram a ƙarƙashina. Na ɗaga kai na kafa ido a kan wata bishiyar giginya da ke tsallake, na ja ruwa da dama, na ja da hagu. Wallahi sai ga ni ina tafiya! Ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ba wanda ya riƙe ni, ruwa na wucewa ta ƙarƙashin ƙirjina yana ɗan ɗaga ni yana saukewa. Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

Nan fa ɗan birni ya fara jin kansa. Bayan na yi 'yan zagaye, sai na ce wa Baba ya saki igiyar. Ya yi shiru, ya dubi ɗansa, sannan ya sassauta ta, ya ce in tsaya iyakar inda ya nuna mini. Ni kuwa da na ji daɗi sai na ƙara gaba, har ina cewa abokina ya ɗauko ni da kyau. Kafin in ankara na ji kamar an kama goran daga ƙasa ana ja. Giginyar da nake kallo ta fara matsawa gefe. Na shiga tsakiyar ruwa, kuma kwanar nan ta damun fura ita ce a gabana.

Mai karatu, duk dokokin nan uku sai suka gudu daga kaina. Na juya ina neman komawa inda na fito, ina dukan ruwa da ƙarfin tsiya, amma ko taku ɗaya ban ci ba. Na dubi ƙasa, na ga ruwan ya yi baƙi. Goran ya karkata, na zame, ruwa ya rufe ni. Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin shi ne yaron maƙwabtanmu da aka shimfiɗa a kan tabarma, da fuskar mahaifiyata. Allah ya taimake ni hannuna ɗaya na kan wuyan goran. Da na ɓullo sai na ji muryar Baba, ba ihu ba gaggawa, kamar mai kiran yaro cin tuwo.

"Riƙe goranka. Kar ka yi faɗa da shi. Bi shi, ka riƙa karkatowa dama kaɗan-kaɗan."

Na rungume goran ta gefe, bakinsa a sama, na bar ruwan ya tafi da ni ina ɗan harba ƙafa zuwa dama. Igiyar ta miƙe, na ji Baba ya tsayar da ita. Ɗansa ya zuro kwale-kwale ya kama ni ta hammata. Abokina ya ce duka abin bai kai minti ɗaya ba. Ni a wurina ya fi fim ɗin Indiya tsawo.

Na zauna a kan rairayi jikina na karkarwa, ina jiran faɗa. Baba ya zauna kusa da ni ya miƙo mini goro.

"Yanzu ka gaisa da shi," in ji shi. "Ɗazu da kake ihu, baƙo ne kai."

Ya bayyana mini cewa mai fito ba ya tsallaka kogi a miƙe. Yakan haura sama tukuna, sannan ya shiga, ya bar ruwa ya gangaro da shi a karkace har ya sauka daidai mashigar da yake so. Ƙarfin ruwan da kake tsoro, shi ne zai kai ka, in ka san inda za ka shige shi. Ya ce yawancin waɗanda suka tsamo a rayuwarsa ba zurfi ne ya ci su ba, firgita ce da gajiya. Da la'asar ya sa na sake shiga. Ban so ba, amma ya ce in na kwana da tsoron nan, ni da ruwa har abada. Kwana uku na yi ina zuwa. A rana ta uku na tsallaka wani siririn reshe na kogin ni kaɗai, ɗan Baba na biye da ni a jirgi, na taɓa gindin giginyar nan da hannuna.

ABIN DA NA DAWO DA SHI

Ban miƙe tsaye a kan allo ba, kuma har yanzu ban ga teku ba. Amma akwai maganar da nake so in yi da ku, musamman ƙannena masu son fim. Mun taso muna kallon jarumi da jaruma suna rawa da waƙa a bakin dam ɗin Tiga, ruwa ya kwanta a bayansu kamar labule. Yanzu kuma ga waya, kowa na son ya ɗauki bidiyon kansa a cikin jirgi ko a kan gada. Abin da kyamara ba ta nuna maka shi ne mutumin da ke riƙe da igiya. A manyan finafinan waje ma, wuraren haɗari ƙwararru ne ke yi a madadin jarumi, ga masu ceto a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu nan Arewa ba ma buƙatar a faɗa mana, kowace damina muna jin labarin kifewar kwale-kwale.

Don haka in sha'awa ta kama ka kamar yadda ta kama ni, nemi masu abin. Kada ka shiga kogi da damina, kada ka shiga kai kaɗai, kada kuma ka yi ƙaryar ka iya. In akwai rigar ruwa, saka ta, ba ragwanta ba ce. In ka dawo ka ga jini a fitsari, je asibiti, don ana ɗaukar tsargiya a ruwan kogi da na tafki, kuma tana da magani. Ba a fafe gora ranar tafiya, koyon ruwa tun kafin ranar da jirgi zai kife ake yin sa.

Ku kuma furodusoshi da daraktocinmu, don Allah a riƙa fita daga falo. Tafiyar 'yan sa'o'i daga Kano ga kogon dutse mai zanen shanu, ga dutse mai kiɗa, ga kogi, ga dattijon da ya san kowane gurbi a cikinsa kamar ɗakinsa. Ɗan Baba ya gaya mini cewa samarin ƙauyen yanzu sun fi son jarka da tayar mota, masu shuka irin wannan babban duma sun ragu. Wannan kaɗai labarin fim ne, in da mai rubutawa.

Ranar da za mu taho na je sallama, na miƙa wa Baba ɗan abin da ya sawwaƙa. Ya karɓi rabi ya mayar mini da rabi, ya ce in saya wa mahaifiyata tsaraba. Na sayo mata busasshiyar tarwaɗa, na kuma nuna mata bidiyon. Ta kalla shiru har ƙarshe, ta ce a mayar da shi farko. Da aka zo inda na nutse sai ta kai mini duka a kafaɗa, da gemuna da komai. Sannan ta tambaye ni ko dattijon nan zai yarda ya koya wa jikokinta.

Bidiyon kuwa yana wurin abokina, kuma na roƙe shi da girman Allah kada ya sake shi. In kun gan shi yana yawo, to ku sani ba da yawuna ba ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.